Haɗa darasin aji da rayuwar yaro: abin da Burkina Faso ta gwada da abin da ya shafi Hausawan Zango

A unguwar Ouidi da ke Wagadugu, yaro ɗan shekara takwas da aka aika sayen gawayi ko sukari ba ya kuskuren canji. Idan aka ba shi jaka ɗaya ya yi sayayyar dala saba'in, tun kafin mai kanti ya buɗe akwatin kuɗi ya san zai koma gida da dala ɗari da talatin. Washegari a aji, malami ya rubuta 1000 a cire 350 a kan allo, sai yaron nan ya yi tsuru, a ƙarshe a sa masa jan biro. Lissafin ɗaya ne, domin dala sefa biyar ce, jaka kuwa sefa dubu. Abin da ya bambanta shi ne harshen da aka yi tambayar da kuma wurin da aka yi ta.

Wannan tazara tsakanin abin da yaro ya sani a gida da abin da ake tambayarsa a makaranta ita ce masana tarbiyya suka daɗe suna neman cikewa. Hanyoyin da suka fito da su suna da sunaye daban-daban, amma manufarsu ɗaya: darasi ya tashi daga rayuwar ɗalibi, ya kuma koma ya yi masa amfani a cikinta.

Me ake nufi da haɗa darasi da rayuwa?

Hanya ce ta koyarwa wadda malami ke fara kowane sabon darasi da abin da ɗalibi ya riga ya gani, ya taɓa ko ya iya, sannan ya ja shi zuwa ga ƙa'idar da ke cikin littafi. Galibi tana bin matakai huɗu. Na farko, a kawo wata matsala ta gaske daga gida, kasuwa ko unguwa. Na biyu, a bar yara su warware ta da dabararsu, da harshen da ya fi musu sauƙi. Na uku, malami ya fito da ƙa'idar da ke ɓoye a cikin dabarar, ya ba ta sunanta na makaranta, a rubuta ta. Na huɗu, a ba yara wata sabuwar matsala wadda ba su taɓa gani ba, su yi aiki da ƙa'idar.

Mataki na uku da na huɗu su ne ke raba wannan hanya da hira kawai. Idan aka tsaya a kan labarin kasuwa ba a kai ga ƙa'ida ba, yaro bai ƙaru da komai ba, domin kasuwa ya riga ya san ta. Idan kuma aka fara da ƙa'ida ba tare da tushe ba, sai ya haddace ta kamar waƙa, ya zuba a ranar jarrabawa, ya manta bayan hutu.

Inda tunanin ya samo asali

Tun kafin zuwan boko, yaron Bahaushe yana koyon sana'a ne a gindin mai ita. Ɗan mahauci a rumfar fawa, ɗan maƙeri a bakin zuga, ɗan fatake a bayan jakuna a kan hanyar Gwanja. Makarantar da Turawan mulkin mallaka suka kawo ta zo da wata manufa: samar da magatakarda, tafintoci da ƙananan ma'aikata. A ƙasashen da Faransa ta mulka, Faransanci kaɗai aka yarda a yi a harabar makaranta, kuma dattawa da yawa har yau suna tuna abin nan da ake kira symbole, wanda ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa.

Masana daga wannan yanki suna cikin waɗanda suka fara ƙalubalantar tsarin. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a Nijar, ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique a 1964, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu kuma a haɗa karatu da aikin hannu. Joseph Ki-Zerbo, masanin tarihi ɗan Burkina Faso, ya fito da Éduquer ou périr a 1990, yana sukar makarantar da ke raba yaro da al'ummarsa. A Tanzaniya, Julius Nyerere ya gabatar da manufar ilimi don dogaro da kai a 1967. A can Brazil kuma, Paulo Freire ya koya wa manya karatu ta hanyar fara wa da kalmomin da suke amfani da su a gona da wurin aiki.

An kuma gwada a aikace. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. A Najeriya, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare. Mali ta fara nata salon, wanda ake kira pédagogie convergente, a garin Segu a 1987.

Gwaji biyu da suka tsaya a hanya

Burkina Faso, tun tana Haute-Volta, ta yi yunƙuri biyu da ba su ɗore ba, kuma akwai darasi a cikin kowannensu.

Na farko shi ne makarantun karkara da aka soma a 1961. Ana ɗaukar yaran ƙauye da suka wuce shekarun shiga firamare, a ba su horo na shekara uku a kan noma, kiwo da ɗan karatu da lissafi. A takarda, babu abin da ya fi wannan kusanci da rayuwa. Amma iyaye sun lura cewa ɗan birni yana zuwa makarantar da ke kai mutum ga takardar shaida da aikin gwamnati, ɗansu kuwa an ba shi fartanyar da ya baro a gida. Suka ɗauke ta a matsayin makarantar talakawa, suka ja baya. A tsakiyar shekarun 1970 aka sauya tsarin zuwa cibiyoyin horar da matasa manoma.

Na biyu shi ne gyaran ilimi na 1979, wanda ya shigar da Mooré, Jula da Fulatanci a matsayin harsunan koyarwa a wasu makarantun gwaji. An dakatar da shi a 1984, kafin a tantance amfaninsa yadda ya kamata. Daga cikin abubuwan da suka raunana shi akwai zargin da iyaye suka yi cewa manya na tura ƴaƴan talakawa makarantar harshen gida, su kuwa nasu suna karatun Faransanci.

Abin da gwaje-gwajen biyu suka nuna shi ne: iyaye ba za su karɓi duk wata hanyar da ta kusantar da yaro ga gida ba, muddin ta rufe masa ƙofar gaba.

Nomgana da Goué: gwajin da ya kama ƙasa

A 1994 aka sake ɗaukar batun a ƙauyuka biyu, Nomgana da Goué, a yankin Loumbila da ke kan hanyar Ziniaré, ba nisa da Wagadugu. Ƙungiyar agaji ta ma'aikatan Suwizalan da ake kira OSEO, wadda yanzu ta koma Solidar Suisse, ita ta tallafa, tare da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar mutanen yankin mai suna Manegdbzanga. Paul Taryam Ilboudo, masanin harshe, yana cikin jagororin aikin. An ɗauki yara sama da hamsin waɗanda shekarun shiga makaranta suka wuce su, aka fara koya musu karatu, rubutu da lissafi da Mooré, sannan aka gina Faransanci a kan abin da suka riga suka iya.

A 1998, bayan shekara huɗu kacal, yaran suka zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP, wadda ake yi da Faransanci kuma sauran yara ke shirya mata cikin shekara shida. Sama da rabinsu suka ci. Wannan sakamako shi ya sauya ra'ayin iyaye da hukuma, domin ya nuna cewa fara wa da harshen gida bai hana yaro Faransanci ba.

Daga nan aka tsayar da tsarin makarantun harshe biyu a kan shekara biyar. A shekarar farko, kashi 90 cikin ɗari na lokacin darasi da harshen gida ake yi, kashi 10 da Faransanci, yawanci na baka. A ta biyu, 80 da 20. A ta uku, rabi da rabi. A ta huɗu harshen gida ya koma 20, Faransanci 80. A ta biyar, 10 da 90. Bayan harshe, tsarin ya tsaya a kan wasu ginshiƙai: aikin samarwa kamar lambu, kiwo da sana'ar hannu, al'adun yankin, wato tatsuniya, karin magana, waƙa da rawa, waɗanda iyaye da dattawa ke shigowa aji su koyar, daidaita yawan mata da maza wajen ɗaukar ɗalibai, da sa hannun iyaye a tafiyar da makaranta.

Bambancinsa da makarantun karkara na 1961 a fili yake. Lambun makaranta a nan ba madadin karatu ba ne, wurin auna faɗi da tsawo ne, da lissafin riba da faɗuwa, kuma jarrabawar ƙarshe ita ce dai wadda ɗan birni ke yi. A 2002 ma'aikatar ilimi ta ba iyaye damar neman a mayar da makarantarsu ta harshe biyu. Tsarin ya bazu zuwa harsuna kamar Jula, Fulatanci, Gulmancema, Dagara, Lyélé, Bisa da Nuni. Dokar ilimi ta 2007, wadda ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16, ta amince da Faransanci da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A ƙarshen Disamba 2023 kuma aka gyara kundin tsarin mulki: harsunan ƙasa da doka ta tabbatar suka zama na hukuma, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki.

Ina Hausawa suke a cikin wannan?

Burkina Faso tana da harsuna kusan sittin, kuma Hausa ba ta cikin waɗanda aka gina makarantun harshe biyu a kansu tun farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin ya fi sauƙi a ƙauyen da kowa ke magana da harshe ɗaya. Hausawa kuwa ƴan tsiraru ne, mazauna birane da kasuwanni, zuriyar fatake, mahauta da malamai da suka biyo hanyar goro. A Wagadugu ma, tsohuwar unguwarsu ta Zangouettin ta shiga cikin unguwannin da aka rushe a 2003 saboda aikin ZACA na sabunta tsakiyar birni, mazaunanta suka watsu zuwa wasu unguwanni. Yau da wuya a sami aji guda da dukkan yaransa Hausawa ne.

Saboda haka yaron Bahaushe a Ouidi yana rayuwa ne tsakanin harsuna huɗu: Hausa a gida, Mooré a titi da filin ƙwallo, Larabci a makarantar allo, Faransanci a lakwal. Makaranta kan ɗauki wannan a matsayin matsala, alhali jari ne. Yaron da ya san ana kiran abu ɗaya da suna uku ya riga ya fahimci abin da ake nufi da fassara. Wanda ya yi shekara biyu yana wanke allo yana sake rubutu ya san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti, kuma hannunsa ya saba da alƙalami.

Wannan hali ba na Wagadugu kaɗai ba ne. Haka yake a zangunan Kumasi da Accra, da na Lome da Kwatano, da unguwar Briqueterie a Yawunde. Ko'ina ɗan Zango yana karatu da harshen da ba na gidansu ba, a cikin garin da harshen titi ma ba nasa ba ne. A Nijar dai lamarin ya bambanta, tunda dokar da aka kafa a Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga sauran kuwa, jiran ranar da gwamnati za ta buɗe makarantar Hausa jiran gawon shanu ne. Abin da ke hannu shi ne ɗaukar dabarun Nomgana a shigar da su cikin ajin da ake da shi.

Yadda ake yi a aji

Lissafi shi ne ƙofa mafi sauƙi. Hausa, Mooré da Jula duk suna ƙirga kuɗi biyar-biyar: abin da Bahaushe ke kira dala ashirin, mai jin Mooré yana ce masa pisi, wato ashirin, kuma duka sefa ɗari ake nufi. Malamin CE1 da ya fara jadawalin ninkawa na biyar da tambayar "dala goma sha biyu sefa nawa ce?" zai ga hannaye sun tashi har daga layin baya. Bayan yara sun amsa, sai ya rubuta 12 sau 5 a allo ya nuna musu cewa abin da suka yi ke nan. Turmin atamfa mai yadi shida yana koyar da rabawa da ɓangarori. Ƙwaryar goro mai ƙwaya ɗari tana buɗe darasin kashi cikin ɗari. Adashen iyaye mata, mutum goma kowa na zuba adadi ɗaya duk mako, darasin ninkawa ne da tsara jadawali. Kwanon awo da ake kira yoruba a kasuwannin Burkina, idan aka kawo shi aji tare da sikeli, yana nuna wa yara bambancin cika da nauyi: kwanon gero da kwanon gyaɗa ba su yin nauyi ɗaya.

A kimiyya, madatsun ruwan Wagadugu guda uku da lambunan da ke bakinsu littafi ne a buɗe. Me ya sa ruwan ke ja baya daga Maris zuwa Mayu? Me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke yawaita da damina? Yaran da suka leƙa tsohuwar taya mai ruwa a bayan gida suka ga tsutsotsin sauro da idonsu ba sa bukatar haddar darasin. Kilishi yana bayyana yadda bushewa da gishiri ke hana nama lalacewa. Tambayar da kowane yaro Musulmi ya taɓa yi, wato me ya sa azumi ke matsowa kowace shekara, tana kai aji ga bambancin shekarar wata mai kwana 354 da ta rana mai kwana 365.

A tarihi da labarin ƙasa, sunan unguwar kansa darasi ne: Ouidi Naaba yana cikin manyan fadawan Mogho Naaba, shi ne shugaban mayaƙan dawaki. Ana iya aika yara su tambayi kakanninsu daga wane gari zuriyarsu ta taso, a zana hanyoyin a taswira, sai ga Kano, Katsina, Fada N'Gourma da Salaga sun bayyana a allo. Ambaliyar 1 ga Satumba 2009, wadda iyaye da yawa a Wagadugu ba su manta ba, tana iya zama tushen darasi a kan magudanan ruwa da shara.

A darasin Faransanci, rubutun da ke kewaye da yaro ya isa abin karantawa: saƙon da ke shigowa waya bayan an tura kuɗi, takardar maganin asibiti, rasit ɗin ruwa da wuta, allon shagon tela. Ɗalibin CM1 da ya iya karanta wa kakarsa yadda za ta sha magani ya gane amfanin karatu fiye da wanda ya ci goma bisa goma a shifta.

Inda ake tuntuɓe

Akwai cikas na gaske. Ajujuwan makarantun gwamnati a birni cike suke maƙil, kuma rashin tsaro da ya rufe dubban makarantu a sassan ƙasar ya ƙara turo yara ƴan gudun hijira zuwa birane. Malami yana da manhajar da dole ya gama kafin CEP. Sau da yawa ba ya jin Hausa, ajinsa kuma yana da harsuna biyar ko shida.

Rashin jin harshen ba ya hana aiki. Malami na iya tambayar yara yadda ake faɗin abu a gidajensu, a rubuta kalmomin gefe da gefe a allo, ko ya haɗa masu harshe ɗaya su tattauna minti uku kafin su ba da amsa da Faransanci. Hakan ba ya bukatar kuɗi ko izini na musamman.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na ɗaya, tsayawa a kan misali ba tare da kai wa ga ƙa'ida ba. Na biyu, mayar da aikin hannu bauta, yara su yini suna ban ruwa a lambu ba wanda ya tambaye su ko lita nawa suka zuba. Na uku, ƙulle yaro a cikin sana'ar gidansu, a riƙa ba ɗan mahauci misalin nama kullum, ɗiya mace kuma misalin tukunya. Ana fara wa daga gida ne don a fita, ba don a zauna ba. Haka nan malami ya kiyaye misalan da za su tona asirin gida, kamar tambayar yaro a gaban ƴan'uwansa abin da aka ci jiya da dare ko nawa mahaifinsa ke samu.

Abin da iyaye da al'umma za su iya yi

Uba ko uwar da ba su yi boko ba suna da rabo babba a wannan aiki. Mai shago na iya sa ɗansa ya rubuta cinikin yini a littafi, da dala a gefe ɗaya, da sefa a ɗaya gefen. Uwa na iya tambayar ɗiyarta ta faɗa mata da Hausa abin da aka koya yau. Yaron da ya iya mayar da darasi cikin harshen gida ya fahimce shi, wanda ya kasa kuwa hadda ya yi. Barin Hausa a gida don a taimaki Faransancin yaro kuskure ne, kuma sakamakon Nomgana ya nuna akasin haka.

Hausawa suna da wata dama da yawancin ƙananan harsuna ba su da ita: harshensu yana da daidaitaccen rubutu da tarin littattafai daga Zariya, Kano da Yamai, tun daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam har zuwa littattafan firamare na Nijar, ga kuma gidajen rediyo da shafukan intanet. Ƙungiyoyin Zango da sarakunan Hausawa na iya tara irin waɗannan littattafai a ɗaki ɗaya, a ware yammacin Asabar ana koya wa yara karanta Hausar boko. Yaron da ya riga ya san haruffan Faransanci ba ya daɗewa kafin ya kama ta.

Sannan akwai taron iyayen yara a makarantun firamare na Burkina Faso. A nan ake yanke shawarar gayyatar tela, maƙeri ko ungozoma su yi wa yara bayani a aji, a nan kuma ake fara maganar harshen koyarwa. Kujerar da Bahaushe ya bari babu kowa a wannan taro, ba wanda zai zauna a kanta ya yi magana da yawun ɗansa.